Ranar da Amal Ta Ɗaga Murya

Tun da na dawo daga Saudiyya ba a bar ni na huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka, kafin ta haɗiye dabinon da na miƙa mata sai ta ce, "To Bilki, ba mu labari. Yaya Jidda? Yaya Zulai da 'yan wasanta?" Ni kuwa in ce lafiya lau, akwai zafi, akwai shinkafa, in kawo wata magana. Jiya maƙwabciyata ta dube ni ta ce, "Ke da ba a raba ki da surutu, me aka yi miki a can?" Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, duk mai tambaya in miƙa mata, don da baki ba na iya kai labarin ƙarshensa.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni da Zulai ƙawaye ne tun lokacin bautar ƙasa, a can kudu muka koyi wasan faifai. Faifan na roba ne, faɗinsa kamar murfin tukunya. Ƙungiya biyu ke bugawa. Wadda ta cafe ba ta gudu da shi, sai ta tsaya ta jefa wa 'yar'uwarta, in aka cafe shi a gidan abokan karawa da ke ƙarshen fili an ci. Ba a ture, ba a riƙo. Abin da ya raba shi da sauran wasanni shi ne babu alƙali. In an buge miki hannu, ke za ki ce "fawul" da bakinki, wasa ya tsaya, ku biyun ku fuskanci juna. In ta amsa, faifai naki ne. In ta musa, a mayar da shi hannun wadda ta jefo. Mai koyarwa ba ta da ta cewa, ko da a gaban idonta aka yi.

Da muka dawo Kaduna muka roƙi wata makarantar 'yan mata ta unguwarmu ta bar mu mu riƙa koyar da shi ranar Asabar, don Allah kawai. Daga baya Zulai, da yake nas ce, ta samu aikin kwantiragi a wani asibiti a Jidda, ta bar ni da yaran. Ba ta daɗe ba ta fara irinsa a ranakun hutunta, a wata ƙaramar makaranta da Hausawan unguwar Madain Fahd suka haɗa wa 'ya'yansu mata. Da ta ji zan je umra tare da Yaya Nasiru, sai ga kiranta: "In kin gama ki biyo mini Jidda. Ki taho da fayafayai, ki kuma taho da bakin nan naki, shi na fi buƙata." Na ɗauka tsokanar da ta saba ce.

Ta Kano muka tashi. Tun a ƙofar filin jirgi masu ba da saƙo suka yi mana caa. Wata mata ta bi ni har layin awo da ƙullin baƙar leda, wai daddawa ce ta 'yarta. Yaya Nasiru ya harare ni, don ya san ban iya cewa a'a ba, amma ranar dai na daure na ba ta haƙuri. A cikin jirgi aka haɗa ni da wata tsohuwa 'yar Gumel. Ta hango faifai ɗaya da na soke a jakar hannu, ta zaro shi ba ko sallama, ta juya, ta ƙwanƙwasa da farce.

"'Yar nan, an cuce ki. Wannan farantin ai ba shi da zurfi, miya zubewa za ta yi."

Na ce, "Baba, na wasa ne."

"Makka za ki ko wasa?"

Da aka kawo abinci ta ɗora burodinta a kai, ba ta ba ni abina ba sai da muka sauka.

A filin jirgin Jidda lallena ne ya fara tona mini asiri. Ana gobe tafiya na sa an zana mini shi baƙi wuluk har kan yatsu, sai na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni ƙememe. Jami'ar ta goge mini yatsa, ta danna, ta sake gogewa, tana cewa "marra tanya", wato a sake, layi na bayana sai tsaki. Da ƙyar muka rabu. Wajen binciken kaya kuma wani saurayin jami'i ya buɗe jakata ya ga fayafayai jere. Na shirya dogon bayani, sai kawai ya ɗauki ɗaya ya wurga wa abokin aikinsa. Faifan ya tafi yana layi kamar kazar da aka yanka. Kafin in ankara na ce masa da Turanci ba haka ake yi ba, da wuyan hannu ake jefawa, ba da kafaɗa ba. Yaya Nasiru ya taka mini ƙafa. Allah ya taimake ni mutumin dariya ya yi.

Maganar Makka ba zan yi ta a nan ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Na bar Yaya a can yana ƙara ɗawafi, na shiga motar haya na dawo Jidda.

Zulai a Waziriyya take, hawa na uku, ɗaki ɗaya da falo, ita da wata nas 'yar Indiya mai kirki wadda ba ta barin mutum ya wuce bai ɗanɗani abincinta ba. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a bokiti, ruwan famfo kuwa da rana sai ya huce kafin ki taɓa. Da safe ful da tamis muke ci, wato dagargajajjen wake da wani faffaɗan burodi mai zafi, na so shi har na ji tsoron kada in saba. Abin da ya ba ni dariya shi ne tsire. Namu ne sak, da ƙulinsa da yajinsa, 'yan'uwanmu ke gasawa, amma can "sire" suke ce masa, Larabawa har layi suke yi.

Gaisuwa ce ta fara ba ni kunya. A gida in kin ga Bahaushiya a baƙon wuri, ai sai ku zauna: 'yar ina ce ke, yaushe kika zo, wa kika sani. Na haɗu da wata a matakala, na ji tana Hausa a waya, na yi murna na tare ta da "Kin daɗe a nan?" Matar nan ta dube ni sama da ƙasa, ta ja mayafinta ta wuce. Zulai ta ja ni ciki ta rufe ƙofa.

"Bilki, a nan ba a tambayar mutum yaushe ya zo, ba a tambayar wane ne kafilinsa. Kamar kin ce ya nuna miki iƙamarsa ne."

Iƙama ita ce takardar izinin zama. Zulai tana da tata, asibiti ne kafilinta, wato mai tsaya mata. Da yawa daga iyayen yaranta ba su da ita. Sun zo hajji ko umra tun da daɗewa suka zauna, suka haihu, 'ya'yan suka tashi ba su san wata ƙasa ba, ita kuma ƙasar ba ta san da su ba.

Bayan la'asar muka tafi makarantar. Gidan haya ne, bayansa akwai fili da suke kira hosh, daɓen siminti, katanga ta ko'ina, tankin ruwa a tsakiya. 'Yan matan suka rataye abayoyinsu a igiyar shanya suka fito da dogayen wanduna. "Abla" suke kiran malama, nan take na zama Abla Bilki. Suna jin Hausata sarai, amma in za su mayar sai Larabci ya riga su fita. Fayafayansu duk siminti ya cinye bakinsu, da na zazzage sababbi ihu suka yi kamar na kawo gwal.

Ban yi minti biyu ina kallo ba na ga Amal. Doguwa ce siririya, 'yar bahaguwa, ba za ta wuce sha biyar ba. Ta jefa faifai ya kewaye tankin nan ya sauka a hannun wadda ba ta ma ganinta. Shekarata nawa a wasan nan ban iya wannan jifar ba. Can sai wata ta banke ta har ta dafa ƙasa. Na jira in ji kalmar. Amal ta tashi ta kaɗe tafin hannu, ta yi murmushi ta ce, "Ma'alesh," wato ba komai. Aka ci gaba.

Zulai ta ce, "Kin gani? Shi ya sa na ce ki zo da bakinki. Ba sa kiran fawul. Ko tsakaninsu ba sa yi, balle da 'yan ƙasa. Tun suna goye ake ce musu kada ki yi musu, kada ki ɗaga murya."

Sannan ta gaya mini abin da ke gaba. Wata babbar makarantar kuɗi a arewacin gari ta gayyace su wasan sada zumunta. Shugabar, wadda suke kira Mudira, ta ce in abin ya yi kyau za ta bar musu filin ciyawarta duk Asabar. Game da Amal kuma, marainiya ce, ba ta da takarda, hosh ɗin nan shi kaɗai ne inda take gudu a duniya. Mahaifiyarta, Inna Hansai, da sharaɗi ɗaya ta bar ta: ta yi wasanta, amma kada a san da ita.

Na ji sharaɗin da kunnena, kada wani ya ce ba a gaya mini ba. Sai dai ni a Kaduna matsalata akasin haka ce. Yarana iska ta taɓa su sai su ce fawul, rabin Asabar a musu take ƙarewa. Ganin yara ana buge su suna murmushi ya ci mini rai. Na naɗe hannun riga na shiga aiki. In jera su, in miƙa wa yarinya faifai, in buge mata hannu, in tsaya ina jira. Ta ce "fawul" kamar mai raɗa. In ce, "Ban ji ba!" Ta sake. In ce, "Ko tankin nan bai ji ba!" Dariya ta yi ta cin su, amma sannu a hankali muryoyi suka fara fitowa. Amal ce kaɗai ta ƙi.

Na ce mata, "Haƙƙinki ne. Wasan nan ba shi da alƙali saboda an yarda kowa zai faɗi gaskiya. In kika yi shiru, ba kanki kaɗai kika cuta ba."

Ta sunkuyar da kai. "Abla, wallah na sani. Bas ni ba na son mushkila." Wato ita dai ba ta son rigima.

Ana saura kwana kaɗan wasa Inna Hansai ta aiko a kira mu cin abinci. A Mahjar take, cikin wani lungu da mota ba ta shiga, ɗaki ɗaya tsaf-tsaf yana ƙamshin turaren wuta. Wanki da guga take yi a gidajen mutane. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar daga gida aka aiko mata, na san abin da take ɓoyewa ne ta fito mana da shi. Sai da muka wanke hannu ta aiki Amal sayo ƙanƙara, sannan ta juyo gare ni.

"Malama, na ji kina koya musu ihu."

"Ba ihu ba ne, Inna. Faɗin gaskiya ne."

"A gida sunansa ke nan. A nan wanda aka ji muryarsa shi ake tambaya takarda. Ni tun da na zo ƙasar nan, ko taka ni aka yi a layi ni ke ba da haƙuri. Da haka na raini yarinyar nan har ta kai yau." Ta gyara zama. "Ba faɗa nake miki ba, 'yar nan. Ke tikitinki na cikin jaka. Mu nan muke kwana."

Na ce mata filin a kewaye yake, mata ne zalla, ba hukuma ba kowa, insha Allahu ba abin da zai faru. Ba yaudararta na yi ba, har zuciyata haka na yarda. Ta dube ni ta ce, "Allah ya sa," ta ƙara mini nama.

Ranar Asabar muka cika wata ƙaramar bas. Arewacin Jidda kamar wata ƙasa ce daban, tituna shimfiɗa-shimfiɗa, ba ka ganin mai tafiya a ƙasa. Mai gadi ya duba iƙamar Zulai ya buɗe mana. Da yaran suka ga ciyawa sai suka tsaya suna kallonta. Amal ta cire takalmi ta taka da tafin ƙafa, ta dube ni tana dariya. Mudira ta tarbe mu hannu bibbiyu, dattijuwa mai fara'a. Aka yi ta zuba mini gahawa a ɗan mitsitsin kofi, ina shanyewa ana ƙarawa, har zuciyata ta fara bugun ganga, sannan Zulai ta raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Iyayen yaransu suka jeru a kujeru a bakin fili, kowacce da wayarta a hannu.

Iskar teku ta wahalar da yaranmu da farko, don a hosh katanga ke tare musu ita. Amma suka farfaɗo. Aka yi ta kai-komo har aka zo kunnen doki, wadda ta ci ta gaba ita ta yi nasara. Aka ɗago wa Amal faifai a cikin gidan abokan karawa. Ta yi tsalle, yatsunta sun taɓa shi, sai wata yarinyarsu mai suna Shahad ta buge mata dantse. Faifai ya faɗi. Kowa ya gani.

Amal ta juyo ta dube ni. Ba Zulai ta duba ba, ni ta duba. Ban ce komai ba, doka ta hana. Amma ban kawar da ido ba, na ɗan ɗaga mata haɓa.

"Fawul!"

Muryar nan har katanga ta kai ta dawo. Wasa ya tsaya. Shahad ta ce ita ba ta taɓa ta ba. Amal ta matso, ba rawar murya, ta nuna dantsenta, ta yi mata bayani da Larabci tiryan-tiryan, tana kallonta ido cikin ido. Shahad ta dubi hannunta, sannan ta ce, "Sah. Asfa." Wato gaskiya ne, yi haƙuri. Ta ɗauko faifan da kanta ta miƙa mata. Amal ta koma kan layi, ta yi jifar nan tata mai kewayawa, ƙaramar cikin yaranmu ta cafe. Mun ci.

Kuka na yi, ba zan ɓoye ba. Na rungume Zulai ina tsalle kamar yarinya. Sai na ji jikinta a sandare. Ba fili take kallo ba, wayoyin iyayen nan take kallo, duk a ɗage.

Al'adar wasan ce in an tashi ƙungiyoyin biyu su cakuɗa su yi da'ira, kowa ya yabi abokin karawarsa. Shahad da bakinta ta ce ba ta taɓa buga wasa da mai gaskiya irin Amal ba. Aka tafa. Mudira ta shigo tsakiya ta sumbaci Amal a goshi, ta ce filin nan naku ne duk Asabar, na yi alkawari. Sannan ta ce wannan yarinya kuwa ba za a bar ta a lungu ba, dole ta buga gasar makarantu da sunanmu, mahaifiyarta ta zo da iƙamarta a yi mata rajista, ai bidiyonta ma ya riga ya shiga wayar iyaye, kowa na tambayar 'yar wace ce. Wallahi da zuciya ɗaya matar nan ta faɗa. Da mugunta ce da na san yadda zan yi fushi.

Amal ta dubi ciyawa ta ce, "Insha Allah, ya Abla."

A bas yara suna ta waƙa, ita tana jingine da taga. Kafin mu kai Mahjar bidiyon ya riga mu. Wata mai aiki a ɗaya daga gidajen can ta gani ta tura, ya bi wayoyin matan Hausawa, har wata ta kai wa Inna Hansai tana mata barka.

Amal ba ta zo hosh washegari ba, ba ta zo makaranta ba. Ba wanda ya je nemansu, ba 'yan sanda, ba kowa. Ba sai an je ba. Inna ta ce halas, wato shi ke nan, za ta kai ta gidan ƙanwarta a wata unguwa ta zauna har a manta da fuskarta, wasa kuwa an gama. Zulai ta je ta roƙa, ta dawo idonta jawur. Ni kuwa baƙin ciki ya sa na huce a kanta.

"Ke kika ce in zo da bakina!"

"Na ce, Bilki. So nake ta iya faɗa. Ban yi tunanin abin da zai biyo baya in an ji ta ba."

Muka zauna, ruwa na ɗiga a bokiti. Tun da muke ba mu taɓa yin nasarar da ta yi mana ɗaci haka ba.

Da safen da zan tashi na ce sai na je sallama, ko za a kore ni. Inna ba ta kore ni ba. Ta shimfiɗa mini darduma, ta tambayi lokacin jirgi, ta yi mini addu'ar sauka lafiya. Ba ta ce ai na gaya miki ba, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Kayan Amal na ɗaure a gefen ƙofa. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Ba ki zo da sharri ba, Malama. Baƙunta ce."

Amal ta rako ni bakin lungu, da abu a ƙarƙashin abayarta. Ta fito da shi, sabon faifan da na ba ta ne, har siminti ya fara cin bakinsa.

"Ki kai wa banat na Nijeriya. Gidan khalati babu hosh." Banat 'yan mata ke nan, khalati kuwa ƙanwar mahaifiyarta.

Ni da na ƙi karɓar saƙon kowa a Kano, na karɓi wannan. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, sai ta katse ni.

"Abla, tambaya ɗaya. Ke kin gani. Fawul ne, ko ba fawul ba?"

Na ce, "Fawul ne, Amal."

Ta gyaɗa kai. "To halas," ta ce, ta juya ta shige lungu.

Zulai ta turo mini hoton yaran a kan ciyawa Asabar ɗin da ta wuce. Sun yi kyau, suna dariya, na duba layin na sake dubawa kamar ban san Amal ba ta ciki ba. Dabinon tsaraba ya kusa ƙarewa, zamzam ma haka. Faifan yana saman durowata. Duk Asabar in na haɗa jakar wasa sai in ɗauko shi, in juya, in mayar. Har yau ban isar da saƙon ba.